Me ya sa manhajar Android ba ta buɗewa a iPhone?

Sau da dama ƴan'uwa na ƙetare kan aiko da iPhone, a kai ta wurin mai tura manhajoji a kasuwa, ya yi ta gwada Xender, abu ya ƙi. Wayar fa lafiyarta ƙalau. Kowace na'ura da tsarin da ke tafiyar da ita, kuma manhaja harshen tsarinta kawai take ji: fayil mai ƙarewa da .apk na Android ne, .exe na Windows, na iPhone kuwa daga App Store ake ɗauko su.

A kwamfuta akwai dabara. Wine, da aka fara tun 1993, tafinta ce: tana fassara buƙatun manhajar Windows ga Linux ko Mac. Kyauta ce, sai dai ba kowace manhaja take ɗauka ba. VirtualBox kuwa ɗaki take ginawa cikin kwamfutar, a zuba Windows ɗungurungum a ciki. Tana cin ƙwaƙwalwa da batir. In RAM ɗin giga 4 ne, za a sha jira, ga wuta ba kullum ba.

iPhone dai ba ta da tafintan .apk. Wanda ya ce ku ba shi jikka biyu ya saka muku, ku riƙe kuɗinku. Ku kuma da ke Faransa ko Libiya, kafin ku sayi kwamfuta ku tambayi ɗalibin da za ku aika wa, da wace manhaja ake koyarwa a makarantarsu. In ta Windows ce, ku sayo mai Windows, ko da ta hannu ce.