Launi da Dafi: Matsalar Kiwon Kwaɗin Dafi a Tsare

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi wani ɗan kwaɗo da masana ke kira Oophaga pumilio, wanda tsawonsa bai wuce santimita 2 ba ƙwarai. Ana samunsa a dazuzzukan Nikaraguwa da Kosta Rika da Panama. Manufar ita ce a fayyace abin da kiwo a tsare ke iya adanawa daga halittarsa, da abin da ke salwanta.

2.0 Asalin Dafi

Sunan "kwaɗin dafi" ya samo asali ne daga al'ummar Embera ta Kolombiya, masu shafa dafin wani danginsa, Phyllobates terribilis, a kan kibansu. Sai dai kwaɗon ba shi ke sarrafa dafin ba. Tara shi yake yi a fatarsa daga tururuwa da ƙananan ƙwari dangin kaska da yake ci. Saboda haka, wanda aka haifa a akwatin gilashi, aka ciyar da ƙananan ƙudaje, yakan tashi ba dafi, ko da yake launinsa na gargaɗi yana nan daram.

3.0 Bambancin Yanki

A Kosta Rika an fi sanin mai jan jiki da shuɗɗan ƙafafu. Amma a tsibiran Bocas del Toro na Panama, waɗanda hauhawar teku ta raba cikin kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kusan kowane tsibiri da nasa launin: kore mai ɗigo a Colón, ja ko ruwan lemo a Bastimentos. Uwa kan ciyar da talibambam ɗinta da ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa 'ya'ya mata kan girma suna fifita namiji mai launin uwar da ta raine su.

Ke nan idan mai kiwo ya gwama kwaɗin tsibirai biyu, za su iya hayayyafa, amma 'ya'yan ba sa wakiltar ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ne ya sa ƙwararrun masu kiwo ke ware kowane yanki daban, tare da rubuta asalinsa.

4.0 Kammalawa

Tun 1987 yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikin waɗannan kwaɗi tsakanin ƙasashe. Dafi dai ya dogara ga abincin daji. Amma tsarkin zuriyar kowane yanki yana hannun mai kiwo.