Idan Magini Ya Gano Aibi a Gidan da Kake Shirin Saye

 

'Yan uwa, tun da damina ta ja kaya tambaya ɗaya ke ta dawowa zauren karatunmu. Mutum ya yi shekaru yana tari, wani da kuɗin fansho, wani da abin da ɗansa ke aikowa daga ci-rani. Ya samu gida, an daidaita a kan kuɗi, har ya ba da kafin alƙalami. Sai wani mai hankali ya ce masa ya kai magini ko injiniya ya duba tukuna. Da aka duba sai aka ce bangon baya ya dare tun daga harsashi, ko rodin rufi ya yi tsatsa. Ya fasa, yana tsoron kuɗinsa su salwanta. Ya saya, yana tsoron abin da zai kwana a kan iyalinsa. To me zai yi?

Farkon abin da muke gaya wa mai wannan tambaya shi ne ya gode wa Allah da aka gani tun kafin a ƙulla ciniki. Na biyu, ya san cewa wannan sanin ya ɗora masa nauyi. A shari'a, wanda ya san aibi sannan ya saya, ya yarda da shi ke nan, ba shi da ikon dawowa gobe ya ce an cuce shi. Saboda haka duk maganar da za a yi, yanzu ne lokacinta.

Ba kowace tsaga ce ke kayar da gida ba

Kafin hukunci sai an san abin da ake hukunci a kansa. Tsaga siririya kamar gashi a jikin shafe, wadda ba ta ratsa bulo ba, yawanci bushewar siminti ce, da wuya a samu gidan da babu ita. Masana gini a Ingila sun auna abin da milimita: tsagar da ba ta kai 5 ba ana cike ta a shafe, daga 5 zuwa 15 sai magini ya buɗe ya gyara, daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe na bangon, abin da ya haura 25 kuwa ginin kansa na cikin haɗari.

Amma fadin tsaga kaɗai bai isa ba, sai an dubi yadda ta tafi. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ana kuma ganinta ciki da waje, wannan alama ce harsashi ya motsa. Idan aka haɗa da ƙofar da ta daina rufuwa da daɓen da ya karkata, magana ta tabbata. Irin wannan ya fi yawa a ƙasa mai laka da ke kumbura da damina ta tsuke da rani, kamar ƙasar karal ta yankin Marwa da wurare da yawa a Njamena. Haka kuma filin da asalinsa kududdufi ne ko juji aka cike, da bangon da aka haƙa masai a gindinsa.

A rufin kankare, a dubi ƙarƙashinsa. Idan an ga jan tabo kuma kankaren na ɓarewa, ruwa ya kai ga rodi. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki. A ginin ƙasa kuwa, a dubi gindin bango inda danshi da kanwa ke ci, a ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta rarake ta, a duba ko indararo na zubar da ruwa nesa da bango. Mun ga abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa a watan Satumba na 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa.

Akwai kuma aibin da ba a jikin bango yake ba, a wurin yake. Mutanen Yamai ba su manta da ambaliyar 2020 ba, sa'ad da kogi ya shiga unguwannin Harobanda kamar Lamorde da Kirkisoye. Gida a hanyar ruwa, da rani ba ya nuna komai. Maƙwabta su ne shaidunsa, a tambaye su inda ruwa ya tsaya bara.

Yadda malamanmu suka kasa aibin gida

Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta gida da sauran kayan sayarwa. Tufa ko dabba ana mayar da ita saboda duk aibin da ke rage mata daraja. Gida kuwa suka ce da wuya ya kuɓuta daga wani aibi, kuma aibinsa na gyaruwa, don haka ba kowane ne ke warware ciniki ba. Ibnu Asim a cikin Tuhfa, da masu sharhin Muhtasar na Shehu Halilu, sun kasa shi uku.

Na farko ƙarami ne ƙwarai, bai rage kuɗin gidan da komai ba. Wannan babu mayarwa, babu ragi. Na biyu matsakaici ne, ya rage daraja amma bai kai mai yawa ba. Nan mai saye ba zai mayar da gida ba, sai dai a biya shi ƙimar aibin, abin da ake kira arshi. Na uku mai yawa ne, nan mai saye na da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka, ko ya riƙe. Sun yi saɓani a kan iyakar mai yawa. Mafi shahara shi ne kashi ɗaya cikin uku na ƙimar gidan, wasu suka ce ɗaya cikin huɗu, wasu ɗaya cikin goma, wasu suka mayar da shi ga al'ada.

Misalin da Shehu Halilu ya kawo a wannan babi shi ne ainihin tambayarmu: tsagewar bango. Idan ba a jin tsoron gidan ya faɗi saboda ita, matsakaici ce, sai dai in a fuskar gidan take. Idan ana tsoron faɗuwa, ta zama dalilin mayarwa. Ya haɗa da aibin da ke yanke wani amfani na gidan, kamar rijiya mai zartsi a unguwar da ruwan rijiyoyinta ke da daɗi. Wa zai ce ana tsoron faɗuwa ko ba a tsoro? Masana sana'ar ne, su alƙali ke komawa gare su. Saboda haka rahoton injiniya ba baƙon abu ba ne a fiƙihu.

Lissafin arshi kuwa da kaso ake yin sa. A ƙaddara masana sun ce gidan lafiyayye ya kai miliyan 20 na sefa, da aibinsa kuma miliyan 18. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin goma. Idan an saya a miliyan 15, abin da za a mayar wa mai saye miliyan ɗaya da rabi ne.

Duk wannan hukunci ne na aibin da ya riga ciniki kuma aka gano shi daga baya. Amma shi ne ma'aunin da ya dace mai saye ya riƙe tun kafin ciniki, don ya san abin da ya cancanci ragi da abin da ya cancanci fasawa.

Matakan da muke ba da shawara

Da farko, a karɓi bayanin a rubuce: ina aibin yake, me ya jawo shi, ya tsaya ko yana ci gaba. Idan magini ne ya gani kuma abin ya shafi harsashi, ginshiƙi ko rufi, a nemi injiniyan gini. Kada ya zama wanda dillali ya kawo, kada kuma ya zama wanda ke jiran a ba shi aikin gyaran. Ana gane tsaga mai tafiya ta hanya mai sauƙi: a ɗan shafa siminti siriri a bakinta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni a ga ko ya sake darewa.

Na biyu, a nemi kuɗin gyara daga maginai biyu ko uku, kuma gyaran ya kama sanadi. Cike tsaga alhali ruwan masai na ci gaba da jiƙa harsashi zubar da kuɗi ne.

Na uku, a koma ga mai gida da takarda a hannu, cikin mutunci. Hanyoyi uku ne a buɗe: ya rage kuɗi daidai da gyara, ko ya gyara kafin a ƙulla, ko a rabu lafiya. Mun fi son ragi, domin mai shirin barin gida ba zai yi gyaran da mai shirin kwana a ciki zai yi ba. Idan kuwa harsashi na ci gaba da nutsewa, ko gidan a hanyar ruwa yake, ragi ba ya maganin komai. Arha ba ta da amfani ga wanda rufi ya faɗo wa 'ya'yansa.

Na huɗu, idan ana buƙatar lokaci, shari'a ta ba da ƙofa: ciniki bisa zaɓi. Malikiyya sun ba wa gida kimanin wata ɗaya. Sai dai ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikin wannan lokaci, domin ba a san ko kuɗin ciniki ne ko rance ba. Ana iya ajiye su a hannun amintacce.

Na biyar, duk abin da aka daidaita a rubuta shi a takardar ciniki gaban shaidu, a ambaci aibin da sunansa da wurinsa da ragin da aka yi dominsa.

Game da kafin alƙalami, Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hana cinikin da mai sayarwa ke cinye abin da aka ba shi idan an fasa. Hanbaliyya sun halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayinsu a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Amma wanda ya fasa don an gano tsohon aibi babba da ba a gaya masa ba, ba nadama ce ta sa shi fasawa ba, haƙƙinsa ne a mayar masa da kuɗinsa.

Ga mai sayarwa da dillali

Rahoton da ya faɗakar da mai saye ya faɗakar da mai gida shi ma. Ko da jiya bai sani ba, yau ya sani. Idan wannan ya fasa, wajibi ne ya gaya wa na gaba. Bai halatta ya sa a shafe tsagar, a yi sabon fenti, ya jira wanda ba zai kawo injiniya ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga tafarkinsa. Fenti a kan tsaga shi ne busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu a Buhari da Muslim kuma ya ɗaure albarkar ciniki da gaskiya da bayyanawa, ya ɗaure gushewarta da ƙarya da ɓoyewa.

Bayyanawa kuma sai dalla-dalla. Cewa "tsohon gida ne, ka gani ka saya" ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. Dillalin da ya sani ya rufa baki don kada la'adarsa ta kuɓuce, abokin tarayya ne a zunubin.

Idan sai bayan ciniki aka gano

A yi magana nan take, a kafa shaidu, a kira masani kafin a taɓa wurin. Shiru mai tsawo ba tare da uzuri ba, ko sa gidan a kasuwa bayan an sani, ana ɗaukarsa yarda. Zama a cikin gidan lokacin da ake shari'a kuwa ba ya zubar da haƙƙi.

Dokar farar hula ta Faransa, wadda Nijar da Cadi da ɓangaren Kamaru mai Faransanci suka gaji tsarinta, ta yi kusa da wannan. Sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, na 1642 ya sauke masa wanda mai saye zai iya gani da kansa, na 1644 ya ba mai saye zaɓin mayarwa ko karɓar wani sashe na kuɗi. 'Yan uwanmu na zangunan Gana su ƙara kula, domin a tsarin dokar Ingila nauyin bincike a kan mai saye yake tun farko.

Idan kuma aibin bai kai na mayarwa ba amma mai saye ya shiga damuwa, mai sayarwa ya tuna falalar iƙala, wato yarda a warware ciniki don sauƙaƙa wa ɗan uwa. Ba dole ba ce, amma lada ce mai girma.

Kuɗin da za a ba injiniya na yini ɗaya bai kai komai ba a kan kuɗin gida, balle a kan rai. Kada kunyar mai gida ko gaggawar dillali ta hana a duba. Allah Ya ba mu gidaje masu albarka da maƙwabta nagari, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wallahu a'alam.