Neman Lasin Su Ta Waya: Kula Da Sa Hannunka

Malam masunci, ko a dam ɗin Guzuguzu kake su, ko Magaga, ko Pada, lasin ne shaidarka. Yanzu takardun gwamnati da yawa ta intanet ake cika su. In an ce ka nemi naka haka, to kula.

Da can yatsa kake dangwalawa. A waya kuwa, lambar sirrin da za a turo maka ita ce dangwalenka. Duk wanda ya shigar da ita, kai ka sa hannu ke nan.

In yaron shagon kwamfuta zai cika maka, zauna kusa da shi, ya karanta maka tukuna. Lambar wayarka zai sa, ba tasa ba, kada saƙon lasinka ya riƙa zuwa wurinsa. In ya buga takardar, sa ta a leda saboda ruwa.