Saƙon Da Lu'ulu'u Yake Kawowa Daga Cikin Ƙasa

Kowace shekara, in mun zo darasin cikin duniya a ajin labarin ƙasa, mukan zana da'ira a allo mu raba ta uku kamar mangwaro: ɓawo, da tsoka, da ƙwallo. Ba a rasa ɗalibi ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya shiga ya gano?" Sauran su bushe da dariya. Mu kuwa ba ma dariya, gama tambayar tana bisa hanya, amsarta kuma ita ce babu wanda ya shiga. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana Kola, a arewacin Rasha. An soma shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, wato kilomita 12 da ɗan ɗori. Zafin dutse a gindinsa ya kai digiri 180, daga baya aikin ya tsaya. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa wajen kilomita 6,370 ne. Ko ɓawon mangwaron ba su gama hudawa ba.

Tsokar nan, wadda Turawa suke kira mantil, ta fara daga ƙarƙashin ɓawon har zuwa zurfin kilomita 2,900. Bari mu gyara wani kuskure tun da wuri, domin mun gaji da ganinsa a takardun jarrabawa: tsokar duniya ba tafkin wuta ba ce. Dutse ce daskararre, mai tsananin zafi, wadda take motsi a hankali ƙwarai, kamar yadda farce yake tsiro. Yawancin abin da aka sani a kanta daga girgizar ƙasa aka koya, ta wurin auna yadda motsin yake ratsa duniya. Wannan kuwa kamar ƙwanƙwasa tulu ne a kasuwa. Ƙarar za ta gaya maka ko ya tsage, amma ba za ta sa yumɓun a tafin hannunka ba. Abin da ya sa yumɓun a hannun masana shi ne wani irin dutse da ya yi aman wuta tun zamanin da.

Labarinsa ya soma a Afirka ta Kudu. A 1867 aka gane cewa wata tsakuwa mai ƙyalli da wani yaro, Erasmus Jacobs, ya tsinta kusa da Kogin Orange lu'ulu'u ce, abin da 'yan kasuwa suke kira daimon. A 1871 dubban mutane suka yi ca a kan wani ɗan tudu, suka yi ta haƙa da diga da shebur har tudun ya koma babban rami, garin Kimbali ya kafu a bakinsa. Sai aka lura cewa dutsen da yake ɗauke da lu'ulu'un bai shimfiɗu kamar sauran duwatsu ba. Ya nutse ne tsaye, da faɗi a sama da tsini a ƙasa, kamar karas. Maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne. Daga sunan garin aka raɗa wa dutsen suna kimbalait.

Kimbalait yakan taso daga zurfin da ya wuce kilomita 150, cike da iskar gas da tururi. Duk wanda ya taɓa girgiza kwalbar lemo ya buɗe ya san sauran labarin. Yana hawa yana ɓamɓaro gutsattsarin duwatsun da ya ratsa, masana kuma sun ƙiyasta cewa tafiyar duka ba ta wuce sa'o'i ko 'yan kwanaki ba. Saurin nan shi ne sirrin. Lu'ulu'u da baƙin da yake cikin fensirinku abu ɗaya ne, wato kabon, sinadarin gawayi. Tsananin matsi na cikin ƙasa ne yake sa ƙwayoyin kabon su haɗu ta hanyar da ta fi kowace ƙarfi. In aka rage matsin a hankali alhali da sauran zafi, sai lu'ulu'un ya rikiɗe. A Beni Busera ta ƙasar Maroko akwai duwatsun da suka taso sannu a hankali, a cikinsu kuwa ana samun baƙin fensir mai siffar lu'ulu'u sak. Dukiya ce ta lalace a hanya saboda jinkiri.

Da farko an ɗauka cewa kimbalait ne ya haifi lu'ulu'un. A 1984 Stephen Richardson da abokan aikinsa suka auna shekarun wasu ƙwayoyin ganet, wani jan ma'adini, da suka maƙale a cikin lu'ulu'un Kimbali. Awon ya nuna fiye da shekara biliyan 3, alhali kimbalait ɗin da ya fito da su bai kai shekara miliyan 100 ba. Ashe motar haya ce kawai, lu'ulu'u kuwa fasinja ne da ya daɗe yana jira a tasha.

Ba shi kaɗai motar ta ɗauko ba. Akwai curin duwatsu kore-kore, wasu kamar ƙwai, wasu sun fi kan mutum, waɗanda yawancinsu wani koren ma'adini ne mai suna olibin, gauraye da ganet da wasunsu. Su ne ainihin tsokar duniya ta sama. Yadda sinadarai suka rabu tsakanin ma'adinan da suke manne da juna yakan nuna zafi da zurfin da suka zauna. A 1973 F. R. Boyd ya yi wannan lissafi da duwatsun Lesoto, aka soma ganin cewa tsofaffin sassan nahiya suna da saiwa mai kauri wadda ta kai wajen kilomita 200, ta kuma fi abin da yake kewaye da ita sanyi. A cikin saiwar nan yawancin lu'ulu'u yake samuwa, tsakanin kilomita 150 da 200, misalin nisan Kano zuwa Zariya in da za a miƙar da hanyar ta dubi ƙasa. Shi ya sa ake samun ramukan lu'ulu'u a Botswana da Saliyo da Kanada da Saiberiya, inda ƙasar ta tsufa, ba ko'ina ba.

A nan sai mu ɗan ratse mu yaba wa gara. A Botswana rairayin Kalahari ya binne kimbalait, ba a ganin ko alamarsa. Gara kuwa takan gangara neman laima, ta fito da ƙasa ta gina suri, a cikin ƙasar har da ƙwayoyin ganet da wani baƙin ma'adini, ilmanait. Irin ƙwayoyin nan masu bincike suka bi suna tankaɗe rairayi, aka gano Orapa a 1967, bayan 'yan shekaru kuma aka gano Jwaneng a ƙarƙashin rairayi mai kaurin mita masu yawa.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ba mu mamaki. In ɗan kasuwa ya ga ɗigon baƙi a cikin lu'ulu'u sai ya karya farashinsa, gama a wurinsa aibi ne. A wurin masani kuwa ɗigon ya fi lu'ulu'un daraja. Sa'ad da lu'ulu'u yake girma yakan rufe 'yar ƙwayar ma'adinin da take kusa da shi, ya kulle ta, ya riƙe ta da matsi har ta iso sama ba ta sake kama ba. Kaɗan daga cikin lu'ulu'un duniya kuma sun fito daga zurfin da ya wuce saiwar nahiya nesa ba kusa ba.

Girgizar ƙasa ta daɗe tana nuna cewa wani abu yana sakewa a zurfin kilomita 410 da kuma 660. Wani masani ɗan Ostireliya, Ted Ringwood, ya nuna a ɗakin gwaji cewa in aka matse ma'adinai irin olibin ƙwarai, ƙwayoyinsu sukan sake jeri su ƙara nauyi. A 1969 aka sami ɗaya daga cikin waɗannan sababbin siffofi a wani dutse da ya faɗo daga sararin sama, aka sa masa suna ringwudait. Amma ba wanda ya riƙe na cikin duniyarmu sai a 2014, sa'ad da Graham Pearson na Jami'ar Albata a Kanada da abokansa suka ba da labarin wani ɗan lu'ulu'u mai ruwan ƙasa, mummuna, wanda bai kai ƙwayar wake ba, daga tsakuwar rafi a Juina ta ƙasar Barazil. A cikinsa akwai ƙwayar ringwudait wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Da aka auna ta, sai aka ga wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinta ruwa ne.

Jaridu suka ɗauka suka ce an gano teku a ƙarƙashin ƙasa. Kada ku rubuta mana haka. Babu ruwan da za a ɗiba da guga a can. Ruwan ya rarrabu ne ya shiga jikin ma'adinin, dutsen kuma a bushe yake ga ido. Abin da masanan suka ce shi ne, in duk yankin da yake tsakanin kilomita 410 da 660 haka yake, to, ruwan da yake ɓoye a can zai iya kai na dukan tekunan duniya. Kalmar "in" ɗin nan tana da nauyi, gama ba a auna buhu da ƙwaya ɗaya, mai yiwuwa kuma lu'ulu'u ya fi samuwa ne a wuraren da suke da laima. A 2022 aka sami ƙwaya ta biyu a wani lu'ulu'u daga ramin Karowe a Botswana, tare da ma'adinan da suka nuna zurfin wajen kilomita 660, su ma da alamar ruwa.

Ina ruwan ya fito? Amsar da ta fi ƙarfi ita ce daga sama. A wasu bakunan teku, ƙasan teku yana nutsewa ƙarƙashin nahiya yana komawa cikin tsokar duniya. A 2011 Michael Walter da abokansa suka nuna cewa ƙwayoyin da suke cikin wasu lu'ulu'un Juina suna da sinadarai irin na dutsen ƙasan teku, amma a siffar da ba ta yiwuwa sai a zurfin da ya wuce kilomita 660. Wato dutsen ya gangara daga gindin teku, ya yi wannan doguwar tafiya, wani ɓangarensa kuma ya komo a cikin lu'ulu'u. Shuɗin lu'ulu'u ma daga can ƙasa yake. Sinadarin boron ne yake ba shi launi, masanan da suka bincike shi a 2018 kuma suna ganin ƙasan tekun nan ne ya kai boron ɗin.

Har manyan da sarakuna suke ado da su suna da nasu labarin. Kalinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, nauyinsa karat 3,106 ne, ya ɗara rabin kilo, manyan yankansa biyu kuma suna jikin sandar sarauta da kambin Ingila. A 2016 Evan Smith ya bincika irin waɗannan manya, har da ɓarɓashin da masu yanka suke ragewa, ya tarar da ɗigon ƙarfe da nikel a cikinsu. Ya nuna cewa a cikin narkakken ƙarfe suka yi girma, tsakanin kilomita 360 da 750.

Mu a nan muna da ɗan rabonmu, ko da yake ba na lu'ulu'u ba ne. Tsofaffin duwatsu masu aman wuta na tudun Biu da na Filato su ma sun ɗauko gutsattsarin tsokar duniya, sai dai daga sama-sama, inda matsin bai isa ya yi lu'ulu'u ba. Ɗaliban da suke komawa waɗannan wurare hutu su riƙa duban baƙin dutsen nan mai nauyi. In kun fasa kuka ga curi kore a cikinsa, mai ƙwayoyi kamar sukari, ku naɗe shi a takarda, ku rubuta sunan wurin da ranar, ku kawo ɗakin labarin ƙasa farkon zango.