'YAN MAKARANTAR DA FAIFANSU NA FARKO YA ZAMA ZAKARA A AMURKA

Ranar 21 ga watan Agusta, 1961, wani ƙaramin kamfanin buga faifai a birnin Detroit na ƙasar Amurka ya fito da wata waƙa mai suna "Please Mr. Postman". Masu waƙar 'yan mata ne guda biyar, baƙar fata, daga wani ɗan gari mai suna Inkster da ke kusa da Detroit. Kafin shekarar ta ƙare faifan ya zama na ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Amma yarinyar da ta kawo waƙar, ko sau ɗaya ba a ji muryarta a cikinsa ba.

Asalin labarin a makarantar sakandare ta Inkster ya faro. Wata yarinya, Gladys Horton, ta tara ƙawayenta don su shiga gasar waƙa da makarantar ta shirya. A cikinsu akwai Katherine Anderson da Georgeanna Tillman da Juanita Cowart, sai kuma Georgia Dobbins wadda ta ɗan girme su. Sunan da suka laƙa wa kansu ma na ba'a ne, "Casinyets", wato waɗanda ba su iya waƙa ba tukuna.

An yi alkawari waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku za a kai su kamfanin Motown a gwada muryarsu. To, su sai suka zo na huɗu. Wata malamarsu ce ta dage har aka tafi da su.

Shi wannan kamfani, Berry Gordy ne ya kafa shi a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Ya taɓa samun faifan da ya yi kasuwa ƙwarai, wato "Shop Around" na ƙungiyar Miracles, amma a matsayi na biyu ya tsaya. Saboda haka kamfanin yana ta neman waƙar da za ta kai shi ƙoli.

Da aka saurari 'yan matan, aka ce muryarsu ta yi, amma su koma su zo da waƙa tasu ta kansu. Nan fa Georgia Dobbins ta tuna da wani makaɗi da ta sani, William Garrett, wanda yake da wata waƙa da bai gama ba. Ta karɓa, ta sake mata zubi, ta mai da ita kukan budurwar da ke jiran masinjan gidan waya ya kawo mata wasiƙar saurayinta da ya yi nisa. Daga baya Brian Holland da Robert Bateman na kamfanin suka yi mata gyara. Har da Freddie Gorman ya sa hannu, wanda shi da ma raba wasiƙu ne aikinsa.

Sai dai kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya, Georgia ta janye. Mahaifinta bai yarda 'yarsa ta riƙa waƙa a gidajen rawa ba, ga kuma mahaifiyarta ba lafiya. Ta koya wa Gladys yadda za ta rera, ta koma gida. Aka ɗauko Wanda Young ta maye gurbinta, kamfanin kuma ya canza musu suna zuwa Marvelettes. Gladys ce ta ba da waƙa, sauran suna amshi. Wanda ya kaɗa ganga kuwa wani saurayi ne da bai yi suna ba tukuna, Marvin Gaye.

A Amurka akwai wata mujalla mai suna Billboard wadda tun 1958 take buga jerin faifai 100 da suka fi tashe kowane mako. A wancan lokaci ana duba yawan cinikin faifai a kantuna da kuma yawan sa shi a gidajen rediyo. Faifan Marvelettes ya shiga wannan jeri a farkon watan Satumba, can ƙasa. Bai yi tsalle ba, sannu a hankali ya riƙa hawa. Sai a mako na 15, ranar 11 ga Disamba, 1961, ya hau matsayi na ɗaya, ya yi mako guda a nan. A jerin waƙoƙin baƙar fata kuwa mako bakwai ya yi yana kan gaba. An sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Wannan shi ne karo na farko da faifan Motown ya zama na ɗaya a babban jerin. Ke nan Turawa ma sun saya, ba baƙar fata kaɗai ba, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin ƙasar.

Waƙar ba ta tsaya nan ba. A 1963 Beatles na Ingila suka sake rera ta. A watan Janairu na 1975 kuma Carpenters suka mai da ita matsayi na ɗaya a Amurka, shekara 13 bayan na farko.

Su kuwa masu ita, ba su ƙara hawa ƙolin nan ba. "Playboy" a 1962 da "Don't Mess with Bill" a 1966 duk a na bakwai suka tsaya. Tun daga 1964 hankalin kamfanin ya karkata ga Supremes, waɗanda a da ake yi musu dariya don faifansu ba ya ciniki. Da Motown ya ƙaura zuwa Los Angeles a 1972, ƙungiyar Marvelettes ta riga ta watse. Daga baya ma wasu mata dabam ne suka riƙa yawon wasa da sunan.

Georgeanna Tillman ta rasu a 1980, Gladys Horton a 2011, Wanda Young a 2021, Katherine Anderson a 2023. Ita kuwa Georgia Dobbins a 2020 ta cika.

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya sami tsohon faifan nan na 1961, in ya duba ƙarƙashin sunan waƙar, inda ake rubuta waɗanda suka tsara ta, sunan Dobbins zai fara gani. Amma in ya aza shi a garmaho, muryar Gladys zai ji.