Zango Ma Akwai Labarin Soyayya, Mai Rubutawa Ake Nema

Duk malamin da yake koyarwa a ƙaramar sakandare cikin zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi, ya san wani littafin rubutu wanda ba ya cikin jerin da makaranta ta ce a sayo. Akan naɗe bangonsa da takardar tsohuwar kalanda, yana yawo ta ƙarƙashin tebur daga wannan hannu zuwa wancan. In ka karɓe ka buɗe, sai ka tarar labarin soyayya ne wata ɗaliba take rubutawa da biro, babi bayan babi, ƙawayenta kuwa suna jiran layi ya zo kansu. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan alamar lalacewa ce. Ni dai abin da nake gani a ciki shi ne yarinyar da ta iya riƙe hankalin mutum talatin da alƙalami, abin da mu malamai muke fama mu yi da alli har da bulala. Wasu cikin yaran nan sukan yi ƙarfin hali su tambaya yadda ake zama marubuci sosai, mai littafi a kasuwa. Amsar da ta fi kusa da mu tana Kano, domin can ne mutane irinsu suka yi abin ba tare da sun jira kowa ya ba su izini ba.

Kafin shekarun 1980, littafin ƙagaggen labari na Hausa abu ne na hukuma da manyan kamfanoni. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, aka yi ta karanta su a makarantu shekara da shekaru. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafa shi a matsayin littafin labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma soyayya ce jigonsa. Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta da Nijeriya ta soma a 1976, da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da aka buɗe a Kano, sun samar da dubban matasa da matan aure masu iya karanta boko, ga shi ba su da abin karantawa sai littattafan makaranta. Sa'an nan tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan jarrabawa kawai. Ga masu karatu, ga kuma ƙofar maɗaba'a a rufe.

To, sai matasa suka kewaye ƙofar. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta, ya tara kuɗi ko ya ranta ya kai ƙaramar maɗaba'a a cikin gari. Da yake kuɗin ba ya isa a buga labarin duka, sai a raba shi kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke na ɗaya daidai inda zuciyar mai karatu take bugawa, abin da aka samu a cinikinsa a buga na biyu da shi. Marubuci da kansa yake ɗaukar kaya ya kai wa masu shagunan littattafai a kasuwa, su karɓa bashi, su riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Suka kuma kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, inda ake karanta wa juna rubutu, a yi gyara, a kuma tallata littattafan 'yan ƙungiya a bayan bango.

Mai karatu ya dubi waɗanda suka yi fice a wannan hanya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma karatun allo ya fara yi, boko a makarantar dare ya same shi, amma In Da So Da Ƙauna da ya fitar a farkon shekarun 1990 ya shiga gidajen da littafin boko bai taɓa shiga ba, har aka mayar da shi fim a 1994. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suke kira Anti Bilki, ta biyo da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe. Cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya, kaɗan ne suke da digiri a lokacin da suka fara.

Abin da na fi so ɗalibanmu su lura da shi kuwa shi ne abin da ke cikin littattafan. Sunan soyayya ya rufe su, amma in ka karanta waɗanda suka daɗe ba a manta da su ba, za ka ga soyayyar ƙofa ce kawai. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, iyaye suna son ba da ita ga mai dukiya, har ta kai ta faɗa rijiya. Tambayar da ke ƙarƙashi ita ce, wa ke da ikon zaɓar wa yarinya miji, kuma me kuɗi yake saye? A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi ce mai 'ya'ya tara miji ya kora saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Wannan littafi na ƙarshe Farfesa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Abin da ya kai shi Indiya ba kalaman masoya ba ne, gaskiyar zaman gidan ce da marubuciyar ta sani ciki da bai.

Ba a bar su sun sha da daɗi ba. Tun farkon shekarun 1990 malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, wasu irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu. Masu wa'azi suka ce suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka ƙona a bainar jama'a, daga baya hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista su riƙa kawo rubutu a duba. Wasu daga cikin sukan da aka yi gaskiya ne, domin akwai littattafan da aka rubuta cikin gaggawa, ba ƙa'idar rubutu, labarin kuma kwafin fim ɗin Indiya ne aka sa wa 'yan wasan sunayen Hausa. Waɗannan iska ta kwashe su, ba wanda yake tuna sunayensu yau.

A yanzu kasuwar takarda ta ja baya ƙwarai, labarin ya koma cikin waya. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a Wattpad ko Facebook ko zauren WhatsApp, in labari ya kama mutane sai ta ce mai son ci gaba ya biya a sa shi a zaure na musamman. Watau dabarar kashi na ɗaya da na biyu ce ta sake riga. Wasu kuma ana karanta littattafansu da murya a YouTube. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗan Gana abin da a da ba ya yiwuwa, domin yarinya tana ɗakin uwarta a Tamale ko Ashaiman za ta iya samun masu karatu a Zinder da Kaduna da Jidda, ba ta biya kuɗin mota ko na maɗaba'a ba. Amma kada wanda ya shiga da tunanin zai yi arziki. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa mutum ɗari kyauta. Dandali ma yakan mutu: OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya da yawa suke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Saboda haka duk abin da kika rubuta, ki ajiye kwafinsa a wurin da yake hannunki, da sunanki da ranar da kika gama. Mai son bugawa a takarda kuma ya sani ana karɓar lambar littafi a ɗakin karatu na George Padmore da ke Ankara, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 kuma tana kare marubucin Hausa kamar yadda take kare na Turanci.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Rubuce-rubucen ɗalibai da suke faɗowa hannuna, kusan dukansu a Kano ko Abuja labarin yake faruwa, garuruwan da mai rubutun ba ta taɓa takawa ba. Saurayin ɗan gwamna ne ko matuƙin jirgin sama, budurwar tana saukowa daga bene, ana cin abincin da ba a dafa shi a gidan kowa a unguwarmu. Na tambayi wata me ya sa, ta ce, "Malam, ai haka ake rubuta littafi." Ba haka ake yi ba, 'yata. Balaraba gidan da ta sani ta rubuta. In kika kwaikwayi Kano daga nesa, 'yar Kano za ta fi ki iyawa kullum.

Alhali ga kaya jibge a ƙofar gidanmu ba wanda ya taɓa. A zango ne Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Kotokoli da Wangara da Bafulatani suke salla a sahu ɗaya, amma ranar da aka zo neman aure sai a fara tambayar asali. A zango ne yarinya take alkawari da saurayin da ya bi hamada zuwa Libiya, shekara huɗu ba labari, ga boga ya dawo daga Jamus ko Amurka da mota yana sallama da babanta. Ga ɗalibin da ya tafi makarantar kwana ya haɗu da 'yar Tonawa mai zuwa coci, ya rasa bakin da zai gaya wa Hajiyarsa. Ga rikicin lefe da gasar anko da ke hana samari aure. Ga yarinyar da ta ci jarrabawa, karatun babbar sakandare ya zama kyauta tun 2017, dokar yara ta 1998 ta ce ba aure kafin shekara 18, amma kakarta ta riga ta karɓi goro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littafi ne mai kashi uku. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, ya nuna zango yana da labarin da duniya za ta saurara lokacin da ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005, sai dai da Turanci ya yi. Na Hausa ne muke jira.

Sai batun harshe, wanda shi ne yake karya gwiwar yaranmu. Ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnati na ƙasar nan, ba ta kuma cikin harsunan da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita. Yaro ya tashi yana jin Hausa a gida, yana rubuta Turanci a aji, in ya ɗora rubutunsa a intanet sai a yi masa dariya wai ya ce "yarinya ya zo". Shawarata ita ce a raba abu biyu. Muryar mai ba da labari a yi ƙoƙari a rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, domin a karanta ta ko'ina. Wannan koyo ake yi, kuma ba ya ɗaukar shekara: a samu Magana Jari Ce a riƙa kwafe shafi guda kullum, a lura da haruffa masu lanƙwasa, domin fada daban faɗa daban, bari daban ɓari daban, kuma a labarin aure wannan kuskure ba ƙarami ba ne. Amma in mutanen cikin labarin suka buɗe baki, a bar su su yi magana yadda ake yi a bakin teburin mai koko da ƙosai, da kalmomin Tonanci da na Turanci da suka zama namu, da torotoro da sidi da komai. Mai sayar da wake da shinkafa a Nima in ta yi Hausar fadar Kano, mai karatu na nan gida zai ajiye littafin. Wannan ƙasa ba baƙuwar rubutun Hausa ba ce: Alhaji Umaru, wanda ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, da ajami ya rubuta waƙoƙinsa a nan, har yau ana nazarinsu a jami'o'i.

Game da kunya kuwa, tunda 'yan shekara sha biyar zuwa ashirin ake rubuta wa, akwai masu neman mabiya a waya ta hanyar batsa, kuma suna samu. Ban ga ribar ba. A zango kowa ya san gidan kowa, sunan aro ba ya ɓoye mutum wata uku. Manyan littattafan da na ambata sun sa mutane kuka ba tare da sun ɗaga labulen ɗaki ba. Haka kuma kada a ɗauki sirrin maƙwabciya a sa a littafi an canza harafi ɗaya a sunanta.

Iyaye da 'yan'uwana malamai, in kun kama irin littafin nan mai bangon kalanda, ku karanta shi tukuna kafin ku yanke hukunci. In lokacin darasi ake rubuta shi, a yi horo a kan lokacin, a mayar mata da abinta bayan an tashi, da jan biro a kan kurakuran rubutu. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarinta Sansani. Gajeren labari irin wannan, na shafi biyar ko shida, shi ya kamata mai farawa ta gwada kammalawa, ta ba mutum uku waɗanda ba ƙawayenta ba su karanta, cikinsu har da dattijuwa ɗaya da za a karanta wa da baki, a ga inda za ta ce a dakata a maimaita mata.