Ko ya dace ƙananan ƙungiyoyin manoma su haɗa akanta ɗaya?

Ƙungiyoyin manoma da yawa ba a gona suke faɗuwa ba, a littafin kuɗi suke faɗuwa. An karɓi rancen taki, an raba wa mambobi, kaka ta yi an zo biya, sai a rasa wa ya biya, wa ake bi. Banki kuma ba ya ba da sabon rance sai ya ga lissafi a rubuce. A Najeriya, dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta tanadi a binciki lissafin kowace ƙungiya mai rajista duk shekara. A Nijar da Chadi da Kamaru ma, dokar OHADA ta 2010 ta wajabta riƙe lissafi.

To amma ƙungiya mai mutum 25 ina za ta samu albashin akanta, ga kwamfuta, ga hayar ofis? Shi ya sa wasu ke haɗa kai: ƙungiyoyi biyar ko goma su ɗauki akanta ɗaya, kowace ta riƙa zuba nata kason. Shi zai rubuta shige da ficen kuɗi, ya adana rasit, ya shirya takardun neman rance da na odita.

An gwada wannan a Mali. Bayan bashi ya yi wa ƙungiyoyin manoman shinkafa na yankin Niono katutu, daga 1995 aka fara kafa cibiyoyin Faranfasi So. Ƙungiyoyin ne ke da cibiyoyin, suna biyan kuɗin hidima, ana taimaka musu da lissafi da shawarar shari'a.

Sai dai abin yana da nasa haɗarin. Da kaka kowa ke neman akanta a lokaci guda, kuma sau da yawa babbar ƙungiya ake fara yi wa aiki. In wasu suka daina biyan kasonsu, nauyin ya koma kan sauran. In kuma akanta ba mai amana ba ne, ɓarnar ta shafi kowa.

Don haka kafin ku shiga, ku rubuta yarjejeniya:

1. Kowace ƙungiya ta riƙe asusunta na banki. Akanta rubutu ne nasa, ba ya sa hannu a cire kuɗi.
2. A raba kuɗin hidima bisa yawan mambobi ko yawan aiki.
3. A sa wa kowace ƙungiya ranakun zuwansa, musamman lokacin rabon taki da biyan bashi.
4. Mai binciken lissafi ya zama wani daban.
5. Duk ƙungiyar da za ta fita, a ba ta littattafanta cikakku.

In adashi da ɗan kuɗin wata kawai kuke tarawa, sakatare da ma'aji sun isa. Amma in kun fara karɓar rance ko sayar da amfanin gona a tare, haɗa akanta ya fi sauƙi a kan asarar da rikicin lissafi ke jawowa.